Yadda Ake Duba Cikin Titi da Gada da Na'urar Radar Ba Tare da An Fasa Ba

Titi yana iya yin kyau a ido, kwalta baƙa wuluk, alhali ruwa ya riga ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Gada ma haka, kankarenta lafiya lau a sama, tsatsa kuwa tana cin rodin ciki. A da in ana son sanin halin da ciki yake, sai a kawo diga da injin fasa titi. Yanzu akwai radar mai leƙa ƙarƙashin ƙasa, wadda ma'aikata ke kira GPR, kuma tun shekarun 1970 take kasuwa. Wannan bayani na wanda zai fara riƙe ta ne.

Ga abin da take yi a taƙaice. Eriya tana harba siginar rediyo cikin ƙasa. Duk inda siginar ta fita daga wani abu ta shiga wani, kamar daga kwalta zuwa tsakuwa ko daga kankare zuwa rodi, wani kaso nata yakan dawo, na'urar kuma ta rubuta lokacin da ta ɗauka. Lokaci take aunawa, ba zurfi ba, kuma ba ta faɗin sunan abin da ta gani. Mayar da lokaci zurfi da sanya wa abu suna aikinka ne, kuma nan yawancin kura-kurai suke.

Ana ƙirga lokacin da nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan guda. A nanosakan ɗaya siginar tana cin santimita 30 a iska, kusan 15 a busasshen yashi, 13 zuwa 15 a kwalta, 10 zuwa 12 a busasshen kankare, wajen 6 a jiƙaƙƙiyar laka, a ruwa kuwa 3 da ɗoriya kacal. Zurfi shi ne gudu sau lokaci, a raba biyu, domin siginar zuwa da dawowa ta yi.

Kayan aiki

- Na'urar kanta: akwatin sarrafawa mai allo, eriya, da keken turawa mai tayar awon nisa. Sanannun masu ƙera ta su ne GSSI a Amurka, Sensors & Software a Kanada, MALÅ a Suwidin da IDS GeoRadar a Italiya. Tana da tsada, don haka mai farawa gara ya yi haya.
- Eriyar da ta dace da aikin. Ana bambanta eriyoyi da MHz, wato ma'aunin saurin kaɗawar siginarsu. Mai 1,600 zuwa 2,600 MHz ta kankare da kaurin kwalta ce. Tana fito da abu dalla-dalla amma ba ta wuce santimita 30 zuwa 50. Mai 900 MHz takan kai mita ɗaya. Mai 400 MHz ita ce ta bututu da ramuka, mita biyu zuwa uku in ƙasa ta bushe. Mai 200 MHz ko ƙasa da haka tana nutsawa sosai amma ƙananan abubuwa sukan ɓace mata.
- Batir na ajiya, da lema ko hula mai faɗi, domin allon ba ya karantuwa a tsakar rana.
- Tef ɗin awo na mita 50, igiya, alli, fentin feshi, da GPS in titin dogo ne.
- Injin yanko samfurin kwalta ko kankare, da ruwansa da janareta, da abin cike ramin bayan an gama.
- Guduma da gajeriyar sarƙar ƙarfe, don aikin gada.
- Mazugin tare hanya, riguna masu ƙyalli, tuta, da mutum biyu masu kula da motoci.
- Littafi da biro. Kada ka raina su.
- Manhajar karanta sakamako, irin su RADAN, ReflexW ko EKKO_Project. In babu kuɗin lasisi, GPRPy kyauta ce, sai dai tana son wanda ya ɗan saba da kwamfuta.

1. Fara da tambaya, ba da na'ura ba

Zauna da mai aikin ka ji ainihin abin da yake son sani. Kaurin kwaltar da ɗan kwangila ya shimfiɗa? Inda bututun ruwa ya bi? Rami a ƙarƙashin titi? Lafiyar rodin gada? Kowace tambaya da eriyarta da tazarar layukanta. Wanda ya ce maka "ka duba mana komai da komai", ka sa shi ya zaɓi abu ɗaya ko biyu tukuna.

Nemi zanen ginin in yana nan, ka tambayi tsofaffin ma'aikata da mutanen unguwa ko an taɓa yin faci, ko an taɓa binne bututu. Sannan ka taka wurin da ƙafa ka dubi irin ƙasarsa. Yashi da busasshiyar marmara suna ba siginar hanya. Jiƙaƙƙiyar laka da ƙasa mai gishiri ko kanwa suna shanye ta. A baƙar lakar yankin Tafkin Chadi, wajen Dikwa da Ngala, ko ta kwarin Binuwai wajen Numan, eriyar da aka ce tana kai mita uku wani lokaci ko rabin mita ba ta gani. In wurinka irin wannan ne, ka faɗa wa mai aikin tun kafin ka karɓi kuɗinsa.

2. Izini, lokaci da tsaro

Karɓi izinin hukumar da ke da titin a rubuce. A Nijeriya, titin tarayya na ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka da FERMA, hukumar gyaran titunan tarayya, kuma yana da kyau ka sanar da jami'an kiyaye haɗura na FRSC in za ka tare wani ɓangare. A cikin gari ka gaida mai unguwa ka yi masa bayani. Mutane in suka ga baƙi suna tura wani akwati a ƙasa suna shafa fenti, wasu za su ce zinariya ake nema, wasu su ce rusau ne ke tafe, kuma taron 'yan kallo kaɗai ya isa ya ɓata maka yini.

Rani ya fi damina. In an yi ruwa, jira titin ya bushe, aƙalla kwana ɗaya ko biyu, kuma kada ka tura eriya ta cikin ruwan da ya kwanta. Sabon kankare ma cike yake da danshi, a bar shi ya yi makonni. Da sassafe ya fi, kafin motoci su yi yawa kuma kafin zafi ya dami na'urar.

3. Shata layuka

Zaɓi wurin farawa da ba zai gushe ba, kamar bakin kwalbati, turken kilomita ko mahaɗar gada, ka rubuta shi. Daga nan za a auna komai. Fenti yakan goge, amma kwalbati yana nan.

Ƙa'ida ita ce ka ratsa abin da kake nema, kada ka bi shi a tsaye. In bututun ya bi gefen titi, layukanka su tsallaka titin. In kana neman kaurin kwalta, bi tsawon titi ta kan sawun tayoyi, layi ɗaya ko biyu a kowane hannu. In rami kake zargi, ko ba ka san inda abu ya dosa ba, yi layuka a tsaye da a kwance, tazarar rabin mita. A kan gada, fara da gajerun layuka biyu masu gicciye juna don ka ga rodin da ke sama wane ɓangare ya nufa. Galibi yana gicciye da hanyar motoci, saboda haka layukan sukan bi tsawon gadar, tazarar santimita 50 zuwa 60.

Ba kowane layi lamba, ka zana taswirarsa a littafi da kibiya mai nuna inda ka dosa.

4. Saita na'urar

Kunna ta, ka bar ta ta yi minti goma zuwa sha biyar kafin ka fara ɗaukar komai, domin siginarta ta daidaita.

Gwada tayar awo. Shimfiɗa tef na mita 10 ko 20, ka tura keken daga farko zuwa ƙarshe, ka ga ko allon ya ba da adadin. In bai ba da ba, gyara. Tayar da ta yi kuskuren kashi biyu cikin ɗari za ta kauce da mita 20 a kilomita ɗaya, kuma mai haƙa zai haƙa inda babu komai.

Sa tsawon lokacin saurare. Misali kana son ganin mita biyu a ƙasar da gudunta santimita 10 ne a nanosakan: zuwa da dawowa santimita 400 ke nan, wato nanosakan 40. Ƙara sulusi, ka sa 55 ko 60. In ka taƙaita ka yanke abin da kake nema. In ka zarce, rabin allon hayaniya ce kawai. Yawan harbi kuwa, 50 a kowace mita ya wadatar wa bututu da rami, rodin kankare yana son 100 ko fiye.

Kashe wayarka ko ka nesanta ta da eriya, haka ma rediyon hannu na masu tare hanya.

5. Gano gudun siginar a wurin

Wannan matakin shi ne masu gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ne ke raba awo da hasashe. Na'urar tana zuwa da wani gudu da aka sa mata tun daga kamfani, kuma za ta nuna maka santimita a gefen allo ko gudun ya dace ko bai dace ba.

Dubi misali. Amsar ƙasan kwalta ta dawo a nanosakan 1.5. In gudun 13.4 ne, kaurin santimita 10 ne. In ka bar shi a 15, allon zai ce 11 da kwata. A kan titi mai kilomita da yawa, wannan 'yar tazarar tirela nawa ce ta kwalta, kuma a kanta ake biyan ɗan kwangila ko a hana shi.

Hanyoyi uku ne. Mafi inganci ita ce ta samfur: zaɓi wurin da amsar ta fito sarai, yi masa alama, yanko samfur daidai wurin, auna kaurinsa da ma'auni, sannan ka ninka kaurin biyu ka raba da lokacin. Abin da ya fito shi ne gudun. Maimaita duk inda kwalta ta canza, domin tsohuwa da sabuwa da faci ba gudunsu ɗaya ba.

Ta biyu, in ba a yarda ka huda ba. Idan eriya ta ratsa bututu ko rodi, ba ɗigo yake fitowa a allo ba, wata alama ce mai siffar ƙwarya a kife, domin eriyar tana hango shi tun kafin ta iso da bayan ta wuce. Faɗin wannan lanƙwasa ya danganta da gudun siginar. Manhajar tana da lanƙwasar gwaji da za ka ɗora a kai, ka buɗa ko ka matse har su hau juna, sai ta ba ka gudun. Sharaɗin shi ne ka ratsa abin kai tsaye. In ka ratsa shi a karkace lanƙwasar za ta fi faɗi, gudun ya fito fiye da gaskiya.

Ta uku ta masu eriyar mota ce, wadda ake ratayawa kusan rabin mita sama da titi ana tafiya da gudu. Ana ajiye faffaɗan farantin ƙarfe a ƙarƙashinta a ɗauki amsarsa, manhajar ta gwada da amsar saman kwalta ta fitar da gudun. Ko da wannan, samfur biyu ko uku ba sa zama asara.

6. Tura na'urar

Sa tsakiyar eriyar, ba gaban keken ba, a kan layin farawa. Yi tafiya irin ta mai yawo, ba tsayawa ba fizga. Eriyar ta zauna a ƙasa. In ta ɗaga saboda dutse ko rami, hoton wurin ya lalace, ka koma. Share tsakuwa da gwangwanaye kafin ka bi.

Duk abin da ka wuce, danna alama a na'ura kuma abokin aikinka ya rubuta: murfin rami, faci, tsaga, mahaɗar gada, turken lantarki, babbar motar da aka ajiye a gefe. Bayan mako biyu, a ofis, wannan rubutun ne zai hana ka kiran murfin ƙarfe rami.

Idonka na kan allo. In ka ga abu, ja keken baya a hankali har layin da ke nuna inda eriya take a allon ya tsaya a ƙoƙon lanƙwasar, ka fesa fenti daidai tsakiyar eriya. Yi haka a layuka uku ko huɗu a jere, za ka ga hanyar bututun ta fito a ƙasa. Kafin ka bar wurin, buɗe fayilolin ka tabbatar sun shiga, ka kwafe su wuri na biyu.

7. Tace hoton

Ajiye asalin fayil kada ka taɓa shi, yi aiki a kan kwafi. Gyara sifilin lokaci, wato inda ake fara ƙirga lokacin, ya hau daidai saman titi. Cire hayaniyar da ta yi ƙasa ko sama da MHz ɗin eriyarka. Ƙara ƙarfin amsoshin da suka zo daga zurfi, domin sukan iso a raunane.

Hattara da abubuwa biyu. Akwai matatar da ke share layukan kwance masu maimaita kansu; tana da kyau wajen neman bututu, amma in kaurin kwalta kake nema za ta share maka shi, tunda shi ma layin kwance ne. Sannan in ka cika ƙara ƙarfi, hayaniya ma sai ta yi kama da abu. A ganina duk abin da bai nuna ko alama a ɗanyen hoto ba, sai bayan tacewa biyar, abin tuhuma ne.

8. Karanta abin da ya fito

Shimfiɗun titi suna fitowa a matsayin layukan kwance: ƙasan kwalta, ƙasan tsakuwa ko marmara, sannan ƙasar asali. In abubuwa biyu sun yi kusa a yanayi, kamar marmarar da aka zuba a kan marmara, iyakar ba za ta fito ba ko da tana nan. Kuma eriya mai 400 MHz ba ta iya raba shimfiɗar da ba ta kai kusan santimita 8 ba, don haka kwalta mai santimita 5 sai da eriyar kankare mai 1,600 MHz ko fiye.

Bututun ƙarfe yana ba da amsa mai haske. Na roba mai ruwa a ciki yana fitowa, amma busasshe ko bututun wayar intanet yakan yi wuya. Ma'aikata suna da ƙiyasi: kowane santimita 30 na zurfi yana buƙatar bututu mai faɗin santimita biyu da rabi kafin a gan shi. Ƙarfe kuma bango ne ga radar. Abin da ke ƙarƙashin farantin ƙarfe ko raga mai matsattsen ido ba ya ganuwa, kuma layukan da ke jere a ƙasansa maimaici ne kawai.

Rami yana ba da amsa mai ƙarfi, sau da yawa da maimaici a ƙasanta, kuma jerin launinta kishiyar na ƙarfe ne. Wato in rodi ko murfin ƙarfe ya fito fari, baƙi, fari a allonka, iska za ta fito baƙi, fari, baƙi. Ruwa kuwa jerinsa irin na ƙarfe ne, sai dai yana jinkirta duk abin da ke ƙasansa, layukan su lotsa. Wuraren da za ka fi matsa wa ido su ne gefen kwalbati, inda titi ya haɗu da gada, kan tsohon bututun da ke yoyo, da duk titin da ambaliya ta kwana a kai, irin yadda ta faru a Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024.

Wata yaudara: eriya mai ƙaramin MHz tana jin abin da ke sama ma. Turken lantarki ko tirela a gefe sukan fito kamar babban abu a zurfi. Ɗora lanƙwasar gwaji. In ta ba ka santimita 30 a nanosakan, gudun iska ne, abin a sama yake.

Gada ta fi son haƙuri. Rodin sama zai fito a jere, kowanne da lanƙwasarsa. Daga nan za ka san tazararsu da kaurin kankaren da ya rufe su. Abu na biyu shi ne ƙarfin amsar kowane rodi. Inda kankare ya sha danshi da gishiri, amsar takan raunana, lanƙwasar ta dushe, ta ɗan yi ƙasa. Manhaja tana tattara ƙarfin dukkansu ta fitar da taswira mai launi. Ƙa'ida mai lamba D6087 ta ASTM, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin gwaji, ta yi bayanin hanyar, kamar yadda D4748 ta yi na kaurin titi. Dole ka gyara wa zurfi, domin rodin da ya fi nutsewa amsarsa za ta raunana ko da lafiyarsa ƙalau.

Ka kuma san inda aka gina wannan hanyar. A Amurka da Turai gishiri ake watsa wa gadoji don narkar da ƙanƙara, shi ya sa raunin sigina yake yawan tafiya tare da tsatsa. A Legas iskar teku tana yin irin wannan aikin. A Kano ko Sakkwato babu wannan gishirin, saboda haka wurin da amsar ta raunana a taswirarka ya fi nuna danshi, daga toshewar magudana ko tsaga. Kada ka rubuta "tsatsa" a inda abin da ka gani danshi ne. Siririyar ɓamɓarewar da ke cikin kankare ma radar ba ta cika ganinta kai tsaye ba.

9. Tabbatar

Zaɓi wurare kaɗan daga mafi muni, da aƙalla ɗaya daga masu kyau, ka buɗe. A titi, samfur ko ƙaramin rami na gwaji. Inda kake zargin rami, huda da siririn baki ka zura sanda ka ji inda ta faɗa, amma ka fara janye manyan motoci daga wurin. A gadar da ba a rufe da kwalta ba, ja sarƙa a kan kankaren ko ka ƙwanƙwasa da guduma: lafiyayye yana ƙara ƙwal-ƙwal, wanda ya ɓamɓare ta ciki yana amsawa a dushe.

Kafin ka huda kankaren gada, bi wurin da radar ta ɓangare biyu ka zana rodi da alli, ka huda a tsakaninsu. Wasu gadoji suna da igiyoyin ƙarfe da aka ɗaure da ƙarfi a ciki, kuma yanke ɗaya babbar ɓarna ce. In zanen ya nuna akwai su, ko ba ka da zanen, kada ka huda sai injiniyan gadar yana tsaye. Cike kowane rami ranar da ka buɗe shi, kada ruwa ya samu ƙofa.

Idan wani abu ya rasa

In laka ta shanye siginar, koma ga na'urar auna tirjiyar lantarki a ƙasa, irin wadda masu binciken rijiyar burtsatse ke yawo da ita. Laka ba ta hana ta aiki, ko da yake ba ta fito da ƙananan abubuwa. In rodi kawai kake nema kuma babu radar, ƙaramar na'urar maganaɗisu mai auna kaurin kankaren da ya rufe rodi ta isa. In babu injin samfur, auna kaurin kwalta a gefen titi inda ta ɓalle, ko a bakin wani rami da ke nan, ka bi kusa da wurin da eriya. In babu GPS, tef da turakun kilomita sun wadatar. In tayar awo ta lalace, sa na'urar ta riƙa harbi bisa lokaci, ka danna alama a kowace mita, ka yi tafiya da gudu ɗaya.

10. Rahoto

Rubuta ranar aiki, yanayin sama, eriyar da ka yi amfani da ita, gudun da ka sa da yadda ka same shi, da zurfin da siginar ta kai da gaske a kowane sashe. Haɗa taswirar layuka da wurin farawa, yadda wani zai iya komawa ya sami kowace alama. Raba sakamakon gida uku: wanda ka buɗe ka gani, wanda kake kyautata zato, da inda na'urar ba ta iya gani ba. A wannan gida na ƙarshe kada ka rubuta "babu komai". Rubuta cewa ba a gani ba, ka faɗi dalili, ka ba da shawarar hanyar da za a bi a duba. Miƙa wa mai aikin ɗanyen fayilolin tare da rahoton, domin in aka sake duba gadar bayan shekara biyu ko uku, da su za a gwada.